Kana bacci, kana mafarki, kuma ka san mafarki ne: daga ina ake farawa?

Duk wanda ya ce maka shi ba ya mafarki, ba wai ƙarya yake maka da gangan ba, amma dai maganar ba haka take ba. In ka cire 'yan tsirarun mutanen da suka samu wani irin rauni a ƙwaƙwalwa, kowa yana mafarki kowane dare, ba ma sau ɗaya ba, bambancin kawai wani yana tashi da nashi a ka, wani kuma kafin ya sauko da ƙafa daga gado nashi ya bi iska. Abin da ya sa na fara ta nan, yanzu matasa da yawa sun ji labarin wai akwai yanda mutum zai yi ya gane mafarki yake tun yana cikin mafarkin, har ya juya shi yanda ya ga dama, ya tashi sama, ya ratsa bango, ya ga wanda yake marmarin gani, sai kowa ya ɗauko abin ta wutsiya, a kalli bidiyo biyu a TikTok a kwanta ana jiran abin mamaki, kwana uku ba a ga komai ba a ce ai dama ƙaryar Turawa ce. Ba ƙarya ba ce. Amma wanda ba ya iya tuna mafarkin da ya yi daren jiya ba shi da ta cewa a wannan harkar tukuna, don ko ya dace ya yi irin mafarkin da yake nema, gari na wayewa ba zai san ya yi ba.

Ga yanda abin yake. Kana tsakiyar mafarki, a ce ga ka a ajin firamaren da ka bari shekaru aru-aru, wai jarrabawa za a yi kuma ba ka karanta komai ba, gabanka na faɗuwa, sai kawai wani tunani ya faɗo maka ka ce kai, ni fa na gama makarantar nan tuntuni har na yi aure, wannan mafarki ne. Kuma ba ka farka ba. Jikinka na kan katifa yana baccinsa, ajin na nan, malamin na nan da bulalarsa, amma kai yanzu ka san inda kake. To wannan sanin shi ne asalin abin. Juya mafarkin kuma wani mataki ne daban, kuma nan ne masu bidiyo suke zuba gishiri, don sau da yawa mutum zai gane mafarki yake amma mafarkin ya ƙi jin maganarsa, ya ce bango ya buɗe bango ya ƙi, ko kuma murna ta yi masa yawa ya farka cikin 'yan daƙiƙu.

Kuma ba baiwa ba ce ta wasu zaɓaɓɓu. A 2016 wasu masu bincike a Ingila sun tattara bincike 34 da aka yi cikin shekara 50 suka haɗa lissafinsu wuri ɗaya, abin da ya fito shi ne kusan kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yin irin wannan mafarkin ko da sau ɗaya a rayuwarsu, wajen kashi 23 kuma suna yinsa sau ɗaya a wata ko fiye. Wato in kuna zaune a majalisa ku goma, da wuya a rasa biyar da abin ya taɓa faruwa da su, kawai dai ba a ɗauke shi abin hira ba. Tsohon abu ne ma, Aristotle na Girka ya ambace shi tun kafin haihuwar Annabi Isa, 'yan addinin Buddha na Tibet sun daɗe suna horar da almajiransu a kai, wani Bafaranshe mai suna Hervey de Saint-Denys ya fitar da littafi sukutum a kansa a 1867 daga mafarkan da ya shekara da shekaru yana rubutawa, sannan a 1913 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya raɗa masa sunan da Turawa ke kiransa da shi har yau, wato lucid dream, mu ce mafarki cikin sani. Duk da haka masana kimiyya sun daɗe suna taɓe baki, suna cewa ai mutanen nan farkawa suke na ɗan lokaci su ɗauka bacci suke, kuma gaskiya ba laifinsu, don ta yaya za ka tabbatar da abin da ya faru cikin kan wani yana kwance idonsa rufe?

Kafin a zo kan yanda aka warware wannan sai an fahimci shi kansa baccin, don duk dabarun da za su biyo baya a kansa suka jingina. A 1953 a Jami'ar Chicago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura akwai lokutan da idon mai bacci ke ta kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwarsa kuma na aiki kusan kamar na wanda idonsa biyu. Wannan shi ne baccin motsin ido, wanda likitoci ke ce wa REM. Da aka riƙa tashin mutane a daidai wannan lokacin, wajen takwas cikin goma sai su ce mafarki suke, su ma ba da labarinsa dalla-dalla. Bacci zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, a dare ɗaya a yi huɗu zuwa shida, a kowane zagaye mutum ya nutsa cikin bacci mai nauyi sannan ya taso zuwa na motsin ido. Abin lura anan, wanda da yawa ba su sani ba, rabon ba daidai yake ba. A farkon dare bacci mai nauyi ne ya fi yawa, na motsin idon bai fi minti 10 ba, amma duk sanda dare ya ƙara tsalawa sai ya ƙara tsawo, zuwa goshin asuba da bayanta yana iya kai rabin awa ko ya wuce. Don haka wanda ya raba dare yana chatin ya kwanta ƙarfe 1 ya tashi ƙarfe 5, ba wai awa uku kawai ya rage daga baccinsa ba, ɓangaren da mafarki ya fi yawa ne ya datse.

Sai abu na biyu. A cikin baccin motsin ido ƙwaƙwalwa tana kashe tsokokin jiki, hannu da ƙafa da wuya duk su saki, don kar wanda ke mafarkin dambe ya kai wa na kusa da shi naushi. Abin da ya rage yana aiki shi ne numfashi da ido. To wannan idon shi ya zama ƙofa. Wani ɗalibi mai bincike a Jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne, ya yi shawara da wani mutum mai yawan irin wannan mafarkin, Alan Worsley, cewa in ka gane mafarki kake, ka juya idonka hagu da dama, hagu da dama, adadin da muka yi alkawari. Aka manna masa wayoyi a ka da gefen ido ya kwanta. Safiyar 12 ga Afrilu 1975 alamar ta fito a takardar na'ura ɓaro-ɓaro, a daidai lokacin da sauran layukan ke nuna mutumin nan bacci yake na gaske. Stephen LaBerge ya yi irin wannan gwajin nasa daban a Jami'ar Stanford, ya buga sakamako a 1981, kuma sunansa ne ya fi fita a duniya. An ma wuce nan, a 2021 aka fitar da wani aiki da ɗakunan bincike huɗu suka yi a Amurka da Faransa da Jamus da Holan da mutum 36, inda ake yi wa mai bacci tambaya yana cikin mafarkin, misali takwas a cire shida, ya amsa da juya ido sau biyu. Ba kullum ake samun amsa ba, wajen kashi 18 cikin 100 na tambayoyin ne aka amsa daidai, mafi yawa shiru aka ji, amma ko sau ɗaya mai bacci ya yi lissafi ya miƙo amsa ai gardama ta ƙare.

To me ya sa a mafarkin yau da kullum ba ma ganewa? Ka ga kakarka da ta rasu tana tuƙa adaidaita a cikin ɗakinka kuma ko a jikinka, har ka tambaye ta nawa ne zuwa kasuwa. Dalilin shi ne ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke bayan goshi, wanda aikinsa tantancewa da cewa tsaya, wannan bai yi hankali ba, yana yin sanyi sosai a wannan baccin, alhali ɓangarorin gani da na tsoro da shauƙi suna ta aiki. Binciken da aka yi a Jamus, na Ursula Voss a 2009 da na Martin Dresler a 2012, ya nuna a lokacin mafarki cikin sani wasu daga waɗannan wuraren da suka yi sanyi suna ɗan farfaɗowa, mutum na nan cikin bacci amma mai tantancewar ya ɗaga kai. Mantuwar ma daga nan take. Wani sinadari, noradirenalin, da ke taimakawa wajen maida hankali da ajiye abu a ka, yana sauka ƙasa warwas a baccin motsin ido, shi ya sa masana da yawa ke ganin mafarki ba ya shiga ma'ajiya sai in mutum ya farka a cikinsa ko dab da ƙarshensa kuma ya ɗan tsaya a kansa. Kamar dogon saƙo ne da ka rubuta a waya ba ka tura ba, caji na ɗaukewa shi ke nan. A birnin Lyon na Faransa ƙungiyar Perrine Ruby ta gwada masu yawan tuna mafarki da marasa tunawa, aka ga masu tunawar suna 'yan farke-farke cikin dare da in aka haɗa ya kai wajen minti 30, ninki biyu na ɗaya ɓangaren, kuma galibi su kansu ba su san suna yi ba.

Saboda haka aikin farko duk a minti ɗaya ko biyu na farkon farkawa yake, kuma abin da ke kashe shi a zamanin nan waya ce. Alam ya buga, hannu ya kai, ido ya sauka a kan WhatsApp, wane ya turo kaza, an yi rasuwa a unguwa, kuɗin da kake jira bai shigo ba, mafarki kuma ya tafi ba sallama. Abin da ake so, in ka farka kar ka motsa, kar ma ka buɗe ido in da hali, ka tsaya yanda kake kwance ka tambayi kanka, yanzun nan ina nake, da wa nake tare? Sau da yawa ba labari ne zai zo ba, ɗan guntu ne, fuskar wani, ko ruwa, ko kawai jin cewa ranka a ɓace yake ba ka san dalili ba. Riƙe wannan guntun ka bi shi da baya, kafin nan me ya faru, kafin nan kuma fa, za ka sha mamakin yanda zare ɗaya ke jawo sauran. In ba abin da ya zo, juya ka koma kwanciyar da kake yi a da, ko ka riƙa kawo mutanen gidanku da abokan aiki a rai ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin sunan wani ne zai tado da abin.

Sannan a rubuta, nan take, ba sai an yi wanka an karya ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta da biro a gefen filo sun isa, da 'yar tocila saboda halin wutarmu. Wanda rubutu ke masa wuya da magagin bacci ya ɗauki muryarsa a waya, amma da sharaɗin ya kashe data tun dare, in ba haka ba an koma gidan jiya. Ba sai an tsara hausa ba, 'yan kalmomi ma sun isa, "tasha, Yaya Babba, akuya mai magana, na rasa takalmi", daga baya in an samu sarari a cike. Ranar da ba ka tuna komai ba ma ka rubuta kwanan wata ka sa ban tuna ba, abin kamar wasa amma yana koya wa kai cewa wannan abu ne da ake tambayarsa kullum, kuma mafi yawan mutane cikin sati ɗaya zuwa biyu suna ganin canji. Da dare kafin bacci ya ɗauke ka, bayan addu'o'inka, ka ƙudura a rai cewa in na tashi zan tuna mafarkina. Shawara ta gefe, a adana littafin nan da kyau, mafarki ba shi da kunya kuma ba ya neman izini kafin ya kawo wanda ya kawo, kar uwargida ko maigida su tsinta a zo ana shari'ar abin da ba a yi ba. Wanda kuma ya yi mummunan mafarki, koyarwar da muka taso da ita ita ce ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kar ya ba kowa labari, to ba dole sai ya zauna yana zayyana shi a takarda ba, ya tsallake shi, ba abin da zai ragu.

A ganina kar mutum ya taɓa wata dabara sai ya kai yana tuna aƙalla mafarki ɗaya kusan kowace safiya. Ba don komai ba, wani babban bincike da Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostireliya ya fitar a 2020 da mutum 355 ya nuna cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai dace akwai ƙarfin tuna mafarki tun asali. Kuma littafin yana da wani amfanin, in ya kwana biyu ka koma ka karanta za ka ga mafarkinka yana da halaye da yake maimaitawa. Wani kullum tsohon gidansu na ƙauye ne, wani mamaci ne ke dawowa da rai, wani gudu yake ƙafa ta ƙi ɗaguwa, wani waya ce a hannunsa lambobin suna ta rikicewa ya kasa kira. Waɗannan su ne alamominka, naka daban da na wani, kuma su za ka koya wa kanka cewa duk ranar da na sake ganin kaza to in tsaya in bincika.

Binciken kuwa shi ne abin da wani masanin halayyar ɗan Adam Bajamushe, Paul Tholey, ya yi ta koyarwa, wato da rana tsaka ido biyu ka riƙa tsayawa kana tambayar kanka da gaske, anya ba mafarki nake ba, har ya zama ɗabi'a ta bi ka cikin bacci. Ana haɗawa da gwaji. Wanda ya fi inganci shi ne ka toshe hanci da yatsu ka rufe baki ka ja numfashi, a farke ba zai yiwu ba, a mafarki iska za ta shiga abinta don hancinka na gaske ba wanda ya toshe shi. Akwai karanta rubutu ka kau da kai ka sake dubawa, a mafarki da wuya ya tsaya yanda yake, akwai ƙirga yatsun hannu, su kan zama shida ko su narke. Mintsinin kai da ake faɗa ba shi da tabbas, ana jin zafi a mafarki ma. Sai dai gaskiyar magana wannan dabarar ita ce aka fi yayatawa kuma ita kaɗai ba ta cika yin aiki ba, a wani binciken da Aspy ya yi tun 2017 waɗanda aka ba su ita kaɗai ba su ga wani canjin kirki ba. Ni ina ganin matsalar yanda ake yinta ne, mutum ya toshe hanci sau ashirin a rana hankalinsa na kan wani abu, to a mafarkin ma haka zai yi ya wuce.

Wadda ta fi ƙarfi ita ce haɗa abu biyu, tashi cikin dare a koma, da ƙudura niyya. Ka yi bacci wajen awa 5, ka farka, ka ɗan zauna ido biyu, ka tuno mafarkin da ka fito daga ciki, sannan ka koma ka kwanta kana maimaitawa a zuci, in na sake mafarki zan gane mafarki nake, kana kuma hango kanka ka koma cikin wancan mafarkin, ka ga alamar, ka gane. Wannan ita ce dabarar da LaBerge ya tsara ake ce mata MILD, kuma ba siddabaru a ciki, irin tunin nan ne da kake amfani da shi in ka ce in na zo wucewa ta kemis zan sayo wa Hajiya magani, ka manta da maganar, kana hango kemis ɗin ta faɗo maka. Dalilin awa 5 kuwa ka riga ka gani, kana komawa ne daidai lokacin da baccin motsin ido ya fi tsawo kuma ya fi saurin zuwa, da ƙwaƙwalwar da ta ɗan wartsake. A binciken nan na 2017, mutum 169 ne, waɗanda suka haɗa dabarun duka sun dace a kusan kashi 17 cikin 100 na dararen da suka gwada cikin sati ɗaya, waɗanda kuma bacci ya ɗauke su cikin minti 5 da gama niyyar nasu ya kai kusan kashi 46. Ka ga ke nan ko a hannun masana, dare shida ana samu a ɗaya, don haka wanda ya gwada sau biyu ya ce ba ya yi bai ma fara ba.

Anan ne mu tsarin rayuwarmu ya riga ya yi mana rabin aiki. Bature sai ya saita alam musamman ya tashi ƙarfe 4 yana tsaki, mu kuwa tashin asuba dama yana nan, ga masu tashi nafilar dare, ga sahur da azumi. Duk wanda ya taɓa komawa bacci bayan sahur ko bayan asuba ranar da ba aiki ya san irin mafarkan lokacin, dogaye, masu kala, wani kan wani, to wannan ba komai ba ne illa baccin motsin ido da aka dawo masa da kai a buɗe. Na san malamai da yawa ba sa son baccin bayan asuba saboda albarkar da ke cikin sammako, kuma mai fita kasuwa ko gona ma ba shi da wannan lokacin, to wanda yake haka sai ya matso da abin gaba, in ya kwanta ƙarfe 10 ya tashi wajen ƙarfe 3, ya yi abin da zai yi, ya koma, ya saita alam na biyu don kar garin neman mafarki a makara sallah. Tsawon zaman kuma kowa sai ya auna kansa. LaBerge ya ga zaman rabin awa zuwa awa ɗaya ya fi ba da sakamako, amma in kai mai wahalar komawa bacci ne minti 10 ya ishe ka, don in bacci ya ƙi dawowa an yi asarar duka biyun. Kar a kunna fitila mai haske sosai, kar a buɗe waya. Kuma ba abin kullum ba ne, sau ɗaya ko biyu a sati a daren da gobe ba sammako.

Dole a yi maganar dannau, don shi ne abin da ke tsorata mutane kuma yana da alaƙa da wannan kai tsaye. Ka farka, kana ganin ɗakin, kana jin fanka ko kukan janareton maƙwabta, amma ko yatsa ka kasa ɗagawa, kamar an ɗora maka dutse a ƙirji, ka buɗe baki ka kira wani murya ta ƙi fita, wani lokacin har ka ga inuwar wani abu a bakin ƙofa. Ka tuna kashe tsokokin nan da ƙwaƙwalwa ke yi a baccin motsin ido? To shi ne bai gama sakinka ba hankalinka ya riga ya dawo, ragowar mafarkin kuma ya zubo cikin ɗakin, nauyin ƙirjin kuma don numfashin lokacin gajere ne kuma kai kana ƙoƙarin ja da ƙarfi tsokar ta ƙi. Mutanen ƙasashe da yawa suna da labarin wani abu da ke hawa kan mai bacci, kowa da irin nashi. Yakan wuce cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, ba ya kisa, kuma ya fi kama mai ƙarancin bacci, mai damuwa, da mai kwanciya rigingine. In ya zo kar ka yi kokawa da shi, ka bar numfashi ya tafi a hankali, ka maida hankali kan motsa yatsan ƙafa ɗaya, ka karanta abin da ka saba karantawa a zuci, nutsuwar da za ka samu ita kanta tana gajarta shi. Akwai wata dabara da ake koyarwa ta kwanciya shiru a bar jiki ya yi bacci hankali na farke har a shiga mafarki kai tsaye, ita ce ta fi jawo dannau, ni ba zan ba sabon shiga shawararta ba.

Ta fuskar addini, hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa mafarki iri uku ne, akwai na bushara daga Allah, akwai na tsoratarwa daga Shaiɗan, akwai kuma wanda mutum ke zantawa da ransa ya gani a bacci. Hukunci na malamai ne, amma ko da ido aka duba, mafarkin da kai ka kwanta ka shirya shi ka ce zan ga wane ya fi kama da kashi na uku, don haka ba abin ɗauka a kai wa mai fassara ba ne, balle a yanke shawarar aure ko kasuwanci a kansa. Wanda ka gani a ciki ba shi ba ne, bai san ka gan shi ba, ba kuma fita ranka ya yi ya je wani gari ba, duk abin cikin kanka yake faruwa. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya ba ka sirrin shiga mafarkin wani, ka riƙe kuɗinka.

Akwai waɗanda bai kamata su shiga wannan ba sam, ko sai da shawarar likita, mai fama da rashin bacci, mai lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa shi jin muryoyi ko rikita gaskiya da abin da ba shi ba, da wanda dama yake jin kamar duniyar ba ta gaske ba ce, don tambayar anya ba mafarki nake ba sau goma a rana ba za ta yi masa daɗi ba. Direba da mai aikin inji su ma kar su yanke baccinsu a daren aiki, babba yana buƙatar awa 7 ko fiye. Shayi mai kauri, Nescafe, goro da lemon ƙarin kuzari da daddare suna lalata baccin, wiwi da giya suna danne baccin motsin ido, shi ya sa wanda ya daina su yake shan mafarkai masu firgitarwa a makonnin farko. Za ku kuma ci karo da sunan galantamine, an gwada shi a bincike a 2018 kuma ya ƙara yawan irin mafarkin, amma maganin masu cutar mantuwa ta tsufa ne, yana sa tashin zuciya kuma yana taɓa bugun zuciya, ba abin da za a aika yaro kemis ya sayo ba ne.

Ranar da abin ya faru, kuma galibi yana zuwa ne ranar da ba ka zata ba, abin da zai fara kore shi murna ce. Kar ka ce za ka tashi sama nan take, tsaya, murza tafukan hannunka, kalli ƙasa, taɓa bango ka ji yanda yake, LaBerge ya ba da shawarar murza hannu ko juyawa kamar mai hajijiya in mafarkin ya fara dushewa, don a shagaltar da kai da jikin mafarkin kar ya koma jin katifa. Na farko da wuya ya wuce minti ɗaya ko biyu, kuma lokaci a ciki kusan daidai yake da na waje, an gwada da ƙirge tsakanin alamar ido biyu, ba maganar shekara goma cikin dare ɗaya. Sai kuma farkawar ƙarya, wadda ke yawan biyo bayansa, ka ga ka tashi a ɗakinka, ka ɗauki biro ka rubuta mafarkin tsaf, wani har alwala ya yi, can sai ka farka na gaske ka tarar shafin fari fat kuma an kusa tada sallah. Shi ya sa masu harkar suke toshe hanci su ja numfashi duk sanda suka farka, kafin su taɓa biron. In kuma mafarkin ya kai ka banɗaki kana jin fitsari, nan ma a yi gwajin tukuna.